An riga an tabbatar magani yana aiki, to binciken me kuma ake yi?

Wata ma'aikaciyar jinya da ke shirin komawa karatu ta aiko da tambaya. Ta ce an ba ta shawarar ta yi aikinta na ƙarshe a fannin binciken da ake yi a bakin aiki, wato a cikin asibiti da cikin jama'a, ba a ɗakin gwaje-gwaje ba. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, idan manyan masana sun riga sun gwada magani sun ce yana aiki, me ya rage da za a bincika? Sannan me ya kawo masana zamantakewa cikin sha'anin asibiti, mutanen da ko allura ba su iya yi ba?

Malama, abin da ya rage ya fi abin da aka gama yawa. Gwajin da ake yi kafin a amince da magani tambaya ɗaya yake amsawa: a hannun ƙwararru, ga majinyatan da aka tsince su da kyau, da kayan aiki cikakku, shin shan maganin ya fi rashin shansa? Hanyar amsa wannan sananniya ce. A raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wa waɗannan maganin, a bar waɗancan a kan abin da aka saba yi, sannan a ƙirga abin da ya faru. Ana yin ƙuri'ar ne don likita, ya so ko bai so ba, zuciyarsa za ta karkata ya ba wa wanda yake ganin zai tashi sabon magani. Gwajin da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 1948 kan maganin tarin fuka mai suna sitireptomaisin shi ne ya buɗe wannan ƙofa. Majinyata 107 ne kawai, amma a cikin wata 6 mutum 4 suka mutu daga cikin 55 da aka yi wa allurar, alhali 14 suka mutu daga cikin 52 da aka bari da hutawa a gado. Ba wanda ya isa ya yi jayayya da wannan.

Sai dai ki duba yadda ake gudanar da irin wannan gwaji. Sau da yawa ana cire tsofaffi, ana cire masu juna biyu, ana cire mai cuta biyu ko uku a jiki. Maganin ba ya ƙarewa a kantin magani. Idan majinyaci bai zo ranar da aka sa masa ba, akwai wanda aikinsa ke nan ya neme shi. Ke kuma kin san yadda ɗakin kwanciya yake da ƙarfe biyun dare, ma'aikaciya ɗaya da gadaje da yawa, na'urar awo ta lalace, likita yana ɗakin tiyata. Abin da ke isa jikin majinyaci ba ƙwayar magani kaɗai ba ce. Ƙwayar ce tare da wanda ya gane cutar, da lokacin da ya gane ta, da hannun da ya ba da maganin, da abin da majinyacin ya fahimta ya je gida ya aikata. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya canza, sakamakon ma zai iya canzawa, wani lokaci har ya juye gaba ɗaya.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na allurar da ake yi wa mace idan naƙuda ta taso mata kafin lokaci, don huhun jaririn ya yi saurin nuna. Tun 1972 wasu likitoci biyu a ƙasar Niyuzilan, Liggins da Howie, suka nuna cewa tana rage mutuwar bakwaini, kuma gwaje-gwaje da yawa bayan nasu suka tabbatar. Allura ce mai araha, ba ta buƙatar wata dabara wajen yi. Hankali ya ba da cewa idan aka kai ta ƙananan asibitoci da ƙauyuka a ƙasashe masu ƙarancin hali, za a ceci jarirai masu ɗimbin yawa. Aka shirya babban gwaji a Ajantina, Gwatemala, Indiya, Kenya, Pakistan da Zambiya, aka horar da ma'aikata su gane matar da ke cikin haɗarin haihuwar bakwaini su yi mata allurar. Horon ya ci, don amfani da allurar ya ƙaru sosai. Amma da aka wallafa sakamakon a 2015, sai aka ga mutuwa ba ta ragu ba a cikin ƙananan jariran da aka yi domin su, kuma idan aka haɗa dukkan jarirai, mutuwa ƙaruwa ta yi da kusan 3.5 cikin kowane 1,000 a yankunan da aka kai shirin. Zargin kamuwa da ƙwayoyin cuta a jikin iyaye mata shi ma ya ƙaru.

Maganin bai canza ba. Abin da ya canza shi ne wurin. Inda babu hoton ciki, da wuya a san ainihin watannin ciki, don haka mata da yawa da aka yi wa allurar ba bakwaini suka haifa ba, sun ɗauki illar ba su samu amfanin ba. Bakwainin da aka haifa kuma, da yawansu ba su samu ɗumi da iskar oksijin da kulawar da za ta sa amfanin allurar ya bayyana ba. Bayan shekara 5, a 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon wani gwajin a asibitoci 29 na Bangaladash, Indiya, Kenya, Najeriya da Pakistan. A wannan karon an tabbatar da watannin ciki da hoto, kuma asibitocin suna da halin kula da jariri. Mutuwar jarirai ta sauko daga kashi 23.5 cikin 100 zuwa 19.6. Allura ɗaya ce, a nan ta yi ceto, a can ta yi ɓarna. Da ba a yi gwajin farko ba, da an bazu da shirin da kyakkyawar niyya, kuma babu ma'aikaciyar da za ta lura, domin ƙarin mutuwa 3 ko 4 cikin 1,000 ba abin da ido ke gani ba ne a ɗakin haihuwa guda.

Irin wannan ya faru da ƙarin ruwa. An daɗe ana koyar da cewa yaron da zazzaɓi mai tsanani ya galabaitar, jijiyoyinsa suka fara sanyi, a ɗura masa ruwa da sauri. Daga asibitocin da ke da na'urar taimaka wa numfashi wannan koyarwa ta fito. Da aka gwada a Uganda, Kenya da Tanzaniya kan yara 3,141, dole aka tsayar da gwajin a 2011 kafin lokacinsa. Cikin awa 48, kimanin kashi 10.5 cikin 100 na waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun mutu, waɗanda aka bari da ruwa a hankali kuwa kashi 7.3. Ma'aikatan da suka yi aikin sun sha mamaki, don da idonsu sun ga yaran suna farfaɗowa da farko bayan an ɗura ruwan. A nan gani bai kori ji ba. (A kula, gwajin bai haɗa da yaran da gudawa ta tsotse ba, ko masu ƙuna, ko masu tamowa mai tsanani. Kada wani ya karanta wannan ya hana mai amai da gudawa ruwa.)

Wannan ɓangaren tambayarki ke nan na farko. Na biyun, batun masana zamantakewa, ruwan gishiri da sukari zai amsa miki shi.

Ilimin kimiyyar abin ya kammala tun shekarun 1960: an gano cewa hanji yana tsotse gishiri tare da sukari, ruwa kuma ya bi su, ko da mutum yana fama da kwalara. An gwada a birnin Dhaka, wanda yanzu shi ne babban birnin Bangaladash, a 1968 ya yi aiki. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da Bangaladash, wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya samu kansa a sansanin 'yan gudun hijira kwalara ta ɓarke, ruwan ƙari ya ƙare. Ya haɗa ruwan a manyan duro, ya sa 'yan'uwan marasa lafiya su riƙa shayar da su, mutuwa ta faɗo daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Duk da haka yara suka ci gaba da mutuwa da gudawa a gidaje, don uwar da ke ƙauye ba ta san da zancen ba.

A 1980 wata ƙungiyar raya karkara mai zaman kanta mai suna BRAC ta fara bi gida-gida a Bangaladash tana koya wa iyaye mata haɗawa da abin da ke ɗakinsu: rabin lita na ruwa, gishirin da yatsu uku za su tsunkula, da cikin hannu na mazarƙwaila. A cikin kusan shekara 10 sun kai ga gidaje wajen miliyan 12. Abin da ya sa nake kiran wannan bincike, ba wa'azi kawai ba, shi ne yadda suka riƙa duba kansu. Bayan mai koyarwa ta wuce, wasu daban za su dawo su zaɓi wasu gidaje, su yi wa uwa tambayoyi, su sa ta haɗa ruwan, su ɗebi kaɗan a kai a auna gishirin da ke ciki, kuma albashin mai koyarwa ya dogara da abin da aka tarar. Da wannan aka samu mata sun iya haɗawa daidai. Sai kuma wani abu ya ɓullo: sun iya, amma kaɗan ne ke bayarwa idan yaro ya kamu. Da aka zauna aka yi hira da mutane a natse, aka gano cewa su a wurinsu gudawa kala-kala ce, kowace da dalilinta da maganinta, kuma sun ɗauka ruwan na mai tsananin nan ne kaɗai. An kuma gano cewa an koyar da mata an bar maza, alhali maigida da mai maganin unguwa suna da ta cewa kan abin da za a ba yaro. Aka gyara saƙon, aka shigo da maza. Babu na'urar da za ta gano waɗannan abubuwa biyu. Sai wanda ya san yadda ake tambaya ba tare da ya sa wa mutum amsa a baki ba, kuma wannan sana'a ce da ake koya kamar yadda kika koyi neman jijiya.

Ba jama'ar gari kaɗai ake nazari ba, har mu ma'aikata. A 2009 aka wallafa gwajin takardar nan ta tambayoyi da ake karantawa a ɗakin tiyata kafin a fara da kafin a rufe: wannan ne majinyacin, wannan ne gefen da za a yanka, an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, an ƙirga auduga da kayan aiki. A asibitoci 8 na ƙasashe daban-daban mutuwa ta sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100. Lardin Ontariyo na Kanada ya wajabta takardar, amma da aka duba asibitoci 101 a 2014 ba a ga wani canji na a zo a gani ba. Masana sun yi ta muhawara kan dalili. Ni abin da na ɗauka shi ne, amfanin takardar yana cikin tsayawar da kowa zai yi a saurari juna, har ƙaramar ma'aikaciya ta iya ce wa babban likita a dakata. Idan aka mayar da ita abin cikewa don a ajiye a fayil, an yi ba a yi ba ke nan. Wa ke iya yi wa wa magana a ɗakin tiyata tambaya ce ta zamantakewa tsantsa.

Idan kina son ganin yadda ake haɗa ɓangarorin biyu a aiki ɗaya, ki karanta gwajin zubar jini bayan haihuwa da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Kenya, Najeriya, Afirka ta Kudu da Tanzaniya, kan mata fiye da 200,000. Babu sabon magani ko ɗaya a cikinsa. Oksitosin, allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, tsohon abu ne. Tiranekzamik asid ma, maganin da ke taimaka wa jini ya tsaya, an riga an nuna a 2017, a gwajin mata fiye da 20,000, cewa yana rage mutuwa daga zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku idan an ba da shi cikin awa 3. Masu binciken sun fara ne da tambayar ungozomomi da likitoci yadda aikin ke tafiya a zahiri. Matsalolin da aka sa a gaba kin san su: da ido ake ƙiyasta jini, ido kuma yana raina shi, ana gwada mataki ɗaya a jira a gani kafin a koma na gaba, kayan aiki a warwatse suke lokacin da ake buƙatarsu.

Sai suka kawo wata leda da ake shimfiɗa wa mai haihuwa, mai aljihu da layukan awo, jini ya taru a ciki a karanta adadinsa. Da ya kai alamar da aka sa, ba jira, a yi komai tare: murza mahaifa, allurar da ke sa ta tsuke, tiranekzamik asid, ƙarin ruwa, duba inda jinin ke fitowa, da kiran na gaba idan bai tsaya ba. Aka tara kayan a akwati ko keken turawa guda, aka yi atisaye, aka naɗa masu sa ido a kowane asibiti, ana nuna wa ma'aikata alƙaluman aikinsu. Gano zubar jini ya tashi daga kusan rabi zuwa kashi 93 cikin 100. Mummunan sakamako, wato zubar da ya kai lita 1, ko tiyata saboda jini, ko mutuwa, ya kasance kashi 1.6 cikin 100 a asibitocin da aka yi shirin, a sauran kuwa 4.3. Ki lura, a nan asibitoci aka yi wa ƙuri'a ba mata ba, domin ba zai yiwu ungozoma ɗaya ta yi wa wannan gado sabuwar hanya ta manta da ita a gado na gaba ba.

Kada dai in sa ki ɗauka cewa duk abin da aka kira binciken zamantakewa zinariya ne. Da yawansa ba shi da nauyi. Wanda ya fi yawa shi ne a raba takardar tambayoyi ga mutum ɗari biyu ko uku, a tambaye su ko sun san cuta kaza, a fito a ce ana buƙatar wayar da kai. Irin wannan ya cika ɗakunan karatu kuma bai taɓa canza komai ba. Mutum yana gaya wa mai farar riga abin da yake ganin ana son ji. Ki tambayi ma'aikata ko suna wanke hannu, kowa zai ce ƙwarai; ki zauna a lungu ki ƙirga, ki ga bambanci; idan kuma suka gane kina ƙirgawa, za su gyara har ki tafi. Sani daban, aikatawa daban, kamar yadda aka gani a Bangaladash. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2003 ya ƙiyasta cewa ko a ƙasashe masu arziki, kusan rabin masu cututtukan da ke daɗewa ne kaɗai ke shan magani yadda aka rubuta, kuma mafi yawansu ba jahilci ne ya hana su ba. Wani illar maganin ce ta ishe shi, wani ya ji sauƙi ya ga ba amfani, wani ƙwayoyin sun yi masa yawa. Hira tana ba ki dalilin da ba ki yi tsammani ba, amma ba ta gaya miki mutum nawa abin ya shafa ko gyaran da kika kawo ya yi aiki. Ƙirga ce ke yin wannan. Ita kuma ƙirga ba ta faɗin dalili.

Game da aikinki, shawarata ki ɗauki abu ƙarami da ke ci miki tuwo a ƙwarya a wurin aiki, wanda amsarsa za ta sa a canza wani abu. Misali, minti nawa ke wucewa tsakanin rubuta allurar farko ga yaro mai zazzaɓi mai tsanani da shigarta jikinsa, kuma a ina lokacin ke salwanta? Ki fara da kallo da agogo a hannu, kafin ki tambayi kowa. Sannan ki yi hira da masu aikin ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban shugabansu ba, har da mai kai takarda kantin magani da mai jinya da ke zaune bakin gado, don sau da yawa su ne suka san inda gizo ke saƙa. Ki rubuta abin da za ki auna tun kafin ki fara, ki kuma zaɓi abin da ya shafi majinyaci kai tsaye. A 1989 wani gwaji a Amurka ya nuna wasu magunguna biyu da ke daidaita bugun zuciya bayan ciwon zuciya suna gyara hoton bugun sarai amma suna ƙara mutuwa. Adadin waɗanda suka halarci horo ko suka ci jarrabawar bayansa irin wannan hoton ne.

Idan kin kawo gyara kika kwatanta kafin da bayan, ki yi hattara. Cututtuka suna da lokutansu, ma'aikata suna canzawa, kuma yawanci ana fara gyara ne a lokacin da abu ya fi lalacewa, wanda ko ba a yi komai ba zai ɗan sauko da kansa. Ki tattara alƙaluman watanni da yawa kafin gyaran, ba wata ɗaya ba, in da hali kuma ki samu wani ɗakin kwanciya da ba a taɓa ba ki riƙa kwatantawa da shi. Ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin ki buɗe fayil ko ɗaya, ko da hira kawai za ki yi. Majinyacin da ke kwance a hannunki yana jin nauyin ya ce miki a'a, don haka ya fi kyau wani wanda ba shi ke jinyarsa ba ya nemi yardarsa, a kuma gaya masa ƙarara cewa ƙin shiga ba zai taɓa kulawar da yake samu ba. Sunayen abokan aikinki ma ki ɓoye su kamar na majinyata, domin ranar da suka ji an yi amfani da hirarki an tuhumi wani, ba za ki sake jin gaskiya daga bakinsu ba. Kuma ki kai tsarin aikin wurin masanin lissafin alƙaluma tun yana takarda, ya gaya miki mutum nawa kike buƙata. Idan kika bari sai kin gama tattarawa, abin da zai iya yi miki kaɗan ne.